Baƙin Garin da Ka Bari a Ƙarƙashin Gadona

Yammedi, ƙasar Ƙaraye.

Zuwa ga maigidana ƙarami, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da ban girma irin wanda mace take yi wa mai ciyar da ita, ko da yake kai ban taɓa ganin cefanenka ba, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace, da haske ta kowace kusurwa. Mu nan muna lallaɓawa. Gwiwa ce dai ta ƙi ni, ido kuma ya fara yi mini rowa. Babanka yana gaishe ka a zuci, don da baki ya daɗe bai iya ambatonka ba.

Da hannuna nake rubuta wannan, da bokon nan nawa na aji huɗu da kake wa dariya, kana cewa baƙaƙena kamar kaji sun yi dambe a kan takarda. Na ce a ɗora mini ita a waya, inda abokanka suke taruwa. Na san za su yi ta leƙe kamar 'yan kallon biki ta kan katanga. To su sani, ba mijin aure nake wa wasiƙa ba. Jikana ne kai, ɗan ɗana. Sunan kakanka aka sa maka, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ina amarya, shi ya sa ka tashi a bakina da Maigida, ni kuma na ƙare a bakinka da Tsohuwa.

Kafin komai, akwai shari'a tsakaninmu. Kai ka yi alkawari ranar da na mutu za ka ɗaura zanena, ka ɗauki sandata, ka shigo tsakar gida kana ɗingishi kana masifa irin tawa, kamar yadda jikoki suke yi in tsoho ya tafi, har masu zaman makoki su yi dariya ba su shirya ba. Har gwaji ka yi mini, na jefe ka da mafici. Sai ga shi ka riga ni. Ba a yi wa jika wasan makoki, kuma ba wanda ya taɓa koya mini yadda kaka take zama a tabarmar jikanta. Mutane suna ta ba ni haƙuri, ni kuwa ina jin kaina kamar wadda ta ci rabon wani.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar kwalabenka ce. An zo karɓarsu, kuma ka san halina da abin da ya riga ya shiga ɗakina. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina, kafin wani ya kai maka da ƙari.

Ka tuna ranar da ka zo da su? Farkon damina ne, an rufe muku makaranta a Kano. Ka sauko daga babur rungume da ɗan kwali a ƙirji kamar mai jego. Na ɗauka tsarabata ce, har na fara guɗa. Da ka buɗe sai ga 'yan kwalabe kamar na turare, kwance cikin auduga, bakin kowace a naɗe da farar leda. Gari ne a ciki, wanda bai kai cikin cokali ba. Wani baƙi wuluk, wani ja, wani fari fat. Na ce to, shekarun nan da ubanka yake sayar da masara ashe bokanci ka tafi koyo. Ka ce, "Tsohuwa, ɗakinki ya fi kowanne sanyi a gidan nan, kuma ko ɓera yana tsoron bakinki. Ajiye mini." Ka tura kwalin ƙarƙashin gadona da kanka, har kanka ya bugi ƙarfen.

Na tambaye ka mene ne. Ka fita ka ɗauko tsohuwar fartanyar kakanka da ke jingine a bayan rumbu, ka kankaro jan da ke jikinta da farce, ka sa mini a tafin hannu. Ka ce wannan ƙarfe ne da iska ta aura. Abin da ke cikin kwalaben ma danginsa ne, baƙin da jan duk tsatsar ƙarfe ce, farin kuma ta wani ƙarfen ne da ake kira tutiya. Bambancin kawai, naka ba kankarowa ka yi ba, dafawa ka yi, da ruwan ganyen zogale da wasu gishirai na makaranta, har ƙwayoyin suka fito ƙanana ƙwarai. Ka tsinko furfura ɗaya daga kaina ba sallama, ka ce in aka jera su a faɗin wannan gashin, sai ɗaruruwa su zauna ba mai taka wani. Na ce ka dawo mini da gashina, kuma ƙarya ma tana da iyaka.

Sai ka fito da hotuna a waya. Ka ce wata na'ura ce ta ɗauka, wadda ko a makarantarku babu, sai an yi tafiya an bi layi. Na kawo fuskata kusa. Toka-toka ne hoton, babu launi, kamar gari bayan gobara. Amma da idona ya zauna sai na fara gani. Wasu ƙwayoyin dunƙule suke kamar gero. Wasu masu kusurwa huɗu ne tsaf, kamar an yanka sukari. Wasu dogaye kamar shinkafar da ba ta karye ba. Na farin garin kuwa furanni ne, wallahi furanni, da ganyayyakinsu a buɗe, ba wanda ya shuka su, ba wanda zai taɓa tsinka. Na daɗe ina kallo. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba a gaya mana wata rana yaro zai bar rimi ya hau na'ura ba.

Na ce wa ya sassaƙa su haka? Ka ce ba kowa. Zafin wuta ne, da yawan juyawa, da ko ruwan ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa. Ka canza ɗaya, siffar ta canza. Na ce ashe dai tuwo kake tuƙawa, shi ma haka yake, sai dai kai naka ba ya ƙosar da kowa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne maganar dutsen niƙa. Ka ja ni har gindin dutsena na tsakar gida, wanda na daina amfani da shi tun da inji ya zo. Ka shafa shi, ka ce me ya sa a da nake kiran mai koɗa ya zo ya sassare shi da makoɗi? Na ce don in ya yi sumul ba ya cin hatsi, sai ƙwaya ta yi ta zamewa. Ka tafa hannu ka ce shi ke nan na gama digiri. Ka ce waɗannan ƙwayoyin ma duk aikinsu a fatarsu yake. Mai kaushi, mai kusurwa, mai ramuka, ita ke cafke dauɗar ruwa. Mai santsi sai dai ta yi kyau a hoto. Kuma abu in ya ƙanƙance haka, kusan duk jikinsa fata ne, ba wani ciki na kirki. Ruwan zogalen nan kuwa, ka ce, shi ke lulluɓe kowace ƙwaya kamar garin da nake barbaɗa wa fura don kada curi ya manne da curi.

Ban ce maka komai ba a ranar, don kada kanka ya kumbura. Amma na shiga ɗaki na ce, yaron nan da na goya da majina, yau shi ke karanta mini dutsena.

Na san abin da ya kai ka ga wannan aiki. Kana ƙarami nakan tafi da kai Ruwan Bago, garinmu, in bazara ta yi. Ka ga ruwan da 'yan'uwana suke ɗebowa daga kududdufi in rijiyoyi sun ja baya, ka ƙi sha, ka yi ta kuka da ƙishirwa har na ba ka nonon shanu. Ka girma ba ka manta ba. Ka ce burinka a zuba ɗan baƙin garin nan a tulu, ya kame dauɗar, a kawo mayen ƙarfe a jikin tulun ya janye shi gefe guda, a tsiyaye ruwa. Ka ce da saura, ba a kai nan ba tukuna, sai an gano wace siffa ce ta fi kamu, kuma sai an tabbata ba ta cutar da mai sha. Na ce in ka gama, ni za a fara bai wa, in na mutu ka huta da ciyarwa.

Ba ka gama ba. Masara tana fitar da gemu zazzaɓi ya kwantar da kai. Muka ce na damina ne, yau zai sake ka, gobe zai sake ka. Da aka ɗauke ka zuwa asibiti kana ta ce mini in daina kallonka kamar an kawo mini gawa. Motar da ta kai ka ita ta dawo da kai. Ba zan tsaya a nan ba, Maigida. Biron ba ya tafiya.

An raba kayanka. Rigunanka sun tafi wurin ƙannenka, littattafanka an ɗaure su a buhu. Ba wanda ya san da kwalin sai ni, ni kuma ban ce uffan ba. Ina kwance a kansa har aka yi arba'in, har ruwa ya ɗauke.

Ka san al'adata in ruwa ya ɗauke. Duk abin da ya kwana a ɗaki damina guda sai ya ga rana: zannuwa, daddawa, garin kuka, tabarmi, har takalman Malam da ya bari. Abin da ba a shanya ba fumfuna ce ke gadonsa. Ranar shanya na jawo kwalin. Na ɗaga kwalba ɗaya ta baƙin garin, na ga ya dunƙule a gindi kamar kuka ta sha danshi. Zuciyata ta ce, yaron nan ya bar miki amana, ga ta tana lalacewa kina kallo. Na warware ledar, na juye shi a murfin kwano, na baje da tsinke, na kai bisa katanga inda kaji ba sa kaiwa. Na rufe da rariya. Na yi masa haka kwana da kwanaki, ina fitarwa da hantsi ina shigarwa da la'asar, ina jin daɗin kaina.

Kuma kada ka harare ni daga inda kake. Cewa ka yi kada yara su taɓa. Ba ka ce kada a shanya ba. Wa ya taɓa jin garin da rana take ɓatawa?

Sai baƙin ya fara sauka. Ya koma ruwan ƙasa, kamar garin daddawa. Na mayar da shi kwalbarsa, na ajiye a bakin taga inda idona zai riƙa kaiwa, kusa da 'yar rediyon nan da ka sayo mini, wadda ka ce ka sayo ne don in sami abokin faɗa in ba ka nan.

Da hantsi ne, idona biyu, ba mafarki ba. Na miƙa hannu na jawo rediyon don in ƙara murya, ta goga da kwalbar. Sai garin ya tashi. Da idona na gani. Ya taso daga gindin kwalbar ya hau jikinta ta ɓangaren rediyon, ya tsaya tsaye siri-siri kamar gashin jikin mutum in ya ji sanyi. Na janye rediyon, ya zube. Na mayar, ya sake tashi. Na duba ɗakin nan kaf. Na tuna ka ce mayen ƙarfe ke jansa, to ni ina na ga mayen ƙarfe? Daga ni sai gado sai kwalla sai carbi.

Na karanta abin da na iya. Sannan na zauna a bakin gado, na ce a hankali, Maigida, kai ne? Don kai kaɗai ne a gidan nan ba ka iya ganin rediyona a kunne ba ka matso ba, ka karkata kai, ka murɗa mini tasha zuwa ƙwallo.

Daga ranar na sami abokin hira. Na fito da sauran kwalaben na jera a taga. Ja da fari ba su kula ni ba, na ce waɗannan dangin uwarka ne, masu jan aji. Amma baƙaƙen, waɗanda ban shanya ba, sun ma fi na farkon zumuɗi, kafin rediyon ta iso sun miƙe. Nakan gama lazimi in share ɗaki in zauna gabansu. In ba ka labarin wanda ya haihu da wanda ya yi saki, da yadda farashin taki ya haukace, da akuyar maƙwabta da ta cinye mini rama. In na yi tambaya sai in matso da rediyon, ka tashi, in ce yawwa, na san za ka goyi bayana. Kuma da yake ba a hira da mutum bakinsa a toshe, sai na riƙa sassauta murafen kowace safiya don ka sha iska.

Na lura ko rediyon a kashe take garin yana tashi. Na lura, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ai kai ma haka kake, ko ba a kira ka ba kana zuwa.

Gida ba ya riƙe sirri. Matan gidan suka fara wucewa ta ƙofata da sauri. Na ji ana cewa Iya ta fara magana da kwalabe. Babanka ya shigo ya durƙusa, bai iya kallon tagar ba, ya ce in ba shi ya kai bayan gari ya binne. Na ce ya fara binne ni. Ya turo mini Malamin tsangayar unguwarmu, mutumin kirki, ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, "Iya, wanda ya tafi yana da abin da ya dame shi, ba shi da lokacin shiga kwalba. Ki bi shi da sadaka." Na ce na ji, Allah ya saka. Na yi sadakar ƙosai ranar Juma'a. Ranar Asabar na koma gaban taga.

Ana haka sai ga baƙuwa. Doguwa, siririya, da jakar makaranta, ta yi sallama ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ni da Hausa ta ƙara da Fillanci. Ta ce sunanta Safiya, 'yar Beli ce ta ƙasar Rogo, teburinku ɗaya a ɗakin gwaji. Ta ce ta daɗe tana neman kwalaben, ta duba ko'ina a makaranta, sai ta tuna ka taɓa cewa duk abin da kake tsoron ya ɓata wurin Tsohuwa kake kaiwa. Malaminku ya amince ta ƙarasa aikin, da sunanka a gaba. Na dube ta sama da ƙasa. Na ce a raina, munafuki, ashe kana da irin wannan a Kano kake zuwa kana cin tuwona kana ce mini ba ka da kowa.

Na shigar da ita. Da ta ga taga, ta ga murafen a sassauce, ta ga mai ruwan ƙasar nan, sai ta dafe bango. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗaga kwalbar a haske ta ce, "Iya, iska ce ta ci fatarsa." Ta ce abin da yake kusan duk fata ne, in iska da zafi suka ci fatar sun kusa cinye shi duka. Kusurwoyin da ka sha wahala ka fitar, da lulluɓin zogalen, ba ta san me ya rage ba sai na'ura ta duba. Sauran ma tun da ake buɗe su sun kama hanya, a hankali suke tafiya, amma tafiya suke. In suka ƙara wata damina a tagata, za su zama tsatsa kamar kowace tsatsa.

Na ce ta tsaya, akwai abin da ba ta sani ba. Na ɗauko rediyon na matso da ita. Ka tashi. Na dube ta ina jiran ta firgita.

Ba ta firgita ba. Ta zare allurar da ke maƙale a gefen mayafina, ta kai ta gaban rediyon, wurin ramukan da murya ke fita, ta saki. Allurar ta manne. Ta ce kowace rediyo da mayen ƙarfe a cikinta, shi ke sa ta magana. Ta faɗa a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro.

Na daɗe ina kallon allurar nan. Na ce mata wa ya tambaye ta. Na ce 'yan boko ba ku iya ganin tsohuwa da ɗan abin jin daɗinta ba sai kun fasa. Sai na ga hawaye yana bin fuskarta. Ta ce ita ma akwai kwalba ɗaya da ka bari a teburinku, takan kai mata mayen ƙarfe in ba kowa a ɗakin, tana sane sarai da abin da ke jan garin, amma takan kai. Muka zauna a bakin gado, ni da 'yar mutane, ba mai rarrashin wani.

Duk da haka ban ba ta ba. Na ce ta dawo ranar kasuwa, in yi shawara da mai kayan. Ta ɗaure murafen da kanta, ta roƙe ni don Allah kada in sake buɗewa, ta tafi.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo, Maigida. Na zauna gaban taga ban taɓa rediyon ba. Na riƙa ɗaga baƙaƙen ina dubawa a haske, ina ganin kamar saman kowanne ya fara ja, ko idona ne, ban sani ba. Na yi ta tuna hoton nan mai toka-toka, 'yan ƙwayoyi masu kusurwa tsaf da ba wanda ya sassaƙa, suna can cikin kwalba iska tana lasar gefensu saboda wata tsohuwa tana son abokin hira. Ka bar duniya ba mata, ba ɗa, ba gona da sunanka. Abin da ka bari ke nan, bai cika cokali ba. Ni da na ce ina tsaronsa, ni ke cinye shi da kaɗan-kaɗan. In na bayar kuma, ɗakin nan ya koma yadda yake ranar da motar ta dawo.

Na yi wa kaina dabara, ka san ni. Na ce zan ba ta masu kyaun, in riƙe wanda na shanya. Ai ya riga ya lalace, wa zai so shi? Har na ɓoye shi a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa.

Ranar kasuwa ta dawo da wani akwati mai sanyi a ciki. Na shimfiɗa sabon ɗankwali, na jera kwalaben, tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana duba rubutunka a jikinsu tana sawa. Da ta zo ƙarshe ta ga gurbi ɗaya ba komai. Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Wancan ki riƙe, Iya. Na san yana wurinki." Ta fara rufe akwatin.

Abin da nake so ke nan, an ba ni a hannu ba faɗa. Sai na ji ƙafata ta kai ni gaban kwalla. Na ga kaina gobe da jibi da shekara mai zuwa, zaune gaban taga da rediyo a hannu, ina tashinka kana zubewa, ina tashinka kana zubewa, alhali an ce a bar mamaci ya kwanta. Ko kana raye ban taɓa tashinka daga barci ba sai in salla za ta wuce ka. Na fito da kwalbar na sa mata a tafin hannu na rufe da nawa. Na ce ta kai shi na'urar nan shi ma, a ga abin da ranar Yammedi ta yi wa fatarsa, tunda ba wani ɗan boko da zai yi gangancin gwada wannan. In an rubuta, a ce aikin Tsohuwa ne, kada a ɗora maka. Ta yi dariya tana share ido, ta ce wallahi za a duba, kuma wataƙila a koyi wani abu.

Na raka ta har bakin titi da sandata, abin da ban yi wa kowa ba tun bara. Na sa mai babur ya rantse zai bi ramuka a hankali. Na tsaya har suka sha kwana.

Yanzu ga ni a ɗaki. Tagar ba komai sai rediyo. Na share wurin, na kuma share. Ba abin da ke motsi a nan sai ni, ni ma ba sosai ba. Da hantsi bakina yakan buɗe zai ba da labari, sai in tuna, in mayar da shi salati. Yana da wuya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma jiya babanka ya shigo ya zauna a inda Safiya ta zauna, ya tambaye ni wai me kake yi da garin nan ne. Na ja shi har gindin dutsen niƙa. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa dutsen, ya kira sunanka sau ɗaya.

Allah ya jiƙanka, ɗan ɗana. Allah ya sa ka huta hutun da ba mai tashinka sai busar ƙaho. Allah ya yafe maka dariyar da ka yi wa tsofaffi, ya ba ka ladan wadda ka sa su yi. Ya sa hannun yarinyar nan ya kai inda naka bai kai ba, ko da bayan raina ne, wata mata a Ruwan Bago ta tsiyayi ruwa mai kyau ta ba ɗanta, ladan ya iske ka. Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, ruwan da ba ya bukatar a tace. Ya haɗa ka da mai sunanka, ka gaishe shi, ka ce ina nan tafe, gwiwa ce ta tsayar da ni.

Wannan takarda ba ta neman amsa. Kada ka motsa, kada ka tashi, kada ka aiko da alama. Na sallame ka, Maigida. Kwanta.

Wassalam.

Taka har kullum,
Tsohuwa, Iya Tasalla.